A Ba Mu Izinin Doguwar Tafiya A Kan Keke

Kowace shekara makarantarmu takan shirya ranar wasanni. Akan yi guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallon ƙafa, a raba kofuna, kowa ya watse. Amma akwai wasa guda da ban taɓa ganin an sa shi cikin tsari ba, watau doguwar tafiya a kan keke cikin ƙungiya. Ni a ganina ya kamata a shigar da ita, a riƙa yin ta a farkon hunturu.

Kada a ɗauka tsere nake nufi. A tsere mutum ɗaya ke cin kofi, sauran su koma da haushi. A wannan kuwa akan tsayar da nisa da lokaci, duk wanda ya kai ƙarshe cikin lokacin ya ci. A Faransa akwai irinta, daga Paris zuwa Brest a dawo, kilomita 1,200 cikin awa 90. An fara ta a 1891 a matsayin tsere, yanzu kuwa dubban mutane ke taruwa duk bayan shekara huɗu, har da masu furfura, burin yawancinsu su gama kawai. Mu kilomita 30 ko 40 sun ishe mu farawa.

Wani zai ce ai ƙasar Yauri ba ta da duwatsu irin na Zuru, balle na Jos. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa taka keke daga bakin kogi ya nufi tudu ya san akwai hawa, irin dogon hawan nan da ido ba ya gani sai cinya ta faɗa maka. Ga kuma iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, in ta tare ka a gaba sai ka ji kamar an ɗaura maka buhun gero a baya. To, a nan ne amfanin ƙungiya ke fitowa. Idan mahaya suka jeru, na gaba shi ke shan iska, wanda ke bayansa kuwa yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar idan ana gudu sosai. In na gaba ya gaji sai ya zame ya koma ƙarshen layi, wani ya karɓa. A wurin hawa kuma sai a kafa doka: waɗanda suka riga kaiwa sama su tsaya su jira na ƙarshe. In tayar wani ta yi faci, mutum biyu su tsaya tare da shi. Mu da muka tashi muna kallon Rigata ba ma bukatar dogon bayani. Mun ga yadda matuƙa ke tsoma filafili a ruwa lokaci ɗaya, in ɗaya ya saɓa jirgi ya karkace.

Dalilin zaɓen farkon hunturu kuwa a fili yake. Damina ta wuce, hanya ta bushe, safiya da sanyi. A tashi bayan sallar Asuba, a dawo kafin rana ta take. Wanda ya ce a bari sai Maris ko Afrilu bai san zafin bakin Neja ba.

Akwai 'yan'uwana ɗalibai masu cewa keke abin hawan talaka ne, su sai babur. Abin dariya ne, domin kakanninmu da Raleigh suka yi taƙama, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka karkaɗe tsofaffin kekunansu. Ku dubi sauran ƙasashen Afirka. Burkina Faso ta fara gasarta ta zagaya ƙasa a kan keke tun 1987. A 2024 Biniam Girmay, ɗan Iritiriya, ya ci zango uku a babbar gasar zagaya Faransa. A watan Satumban 2025 aka yi gasar keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda mai yawan tuddai, karo na farko a Afirka. Mu kuwa, da Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na Paris a 2024, sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keke. Ƙasar da makarantunta ba su ɗauki keke wasa ba, daga ina za ta sami mahaya?

Sai magana mai nauyi, wadda na san ita ce a zuciyar iyayenmu. Ba wanda ya manta da ranar 17 ga Yunin 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka tafi da ɗalibai da malamai. Uban da ya ce ɗansa ba zai fita bayan gari ba, ba ni da bakin ce masa ya yi kuskure. Ga kuma manyan motocin da ke bin titin Kontagora zuwa Koko, waɗanda ba sa ganin mai keke a bakin komai. Saboda haka ban ce a nufi Wara ko ƙauyukan Shanga ba. Ko a cikin garin Yelwa da gefensa ana iya zaɓen hanya mai hawa da gangara, a zagaya ta sau huɗu ko biyar har nisan ya cika. A sanar da 'yan sanda, motar makaranta ta biyo baya da ruwa da akwatin magani, malamin wasanni a gaba, kuma kada a ɗauki kowa sai da takardar yardar mahaifinsa.

Kuɗin da za a kashe ba shi da yawa. Kekuna a aro daga gida, a kira mai gyaran keke kwana biyu kafin ranar ya duba birki da sarƙa, a sayi famfo biyu da kayan faci. Ina roƙon Shugaban Makaranta da ya kai wannan magana gaban taron iyaye da malamai na wannan zango, a gwada da mutum ashirin daga manyan azuzuwa.