ZAUREN MALAM: Mu Haɗa Kwamfuta da Talabijin

  

Tambayar wannan wata ta fito daga wurin wani dattijon ekklisiya a ƙasar Ikara. Ɗansa mai karatu a Zariya ya bar wa ƙannensa biyar tsohuwar kwamfuta, amma tun da ta shigo gida sai faɗa, gama fuskarta ƙarama ce. Wanda ya fi ƙarfi yakan ɗauke ta ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Dattijon yana tambaya ko ya kulle ta a akwati. A'a, Baba, kada a kulle ta. A fito da ita inda kowa yake zama, a haɗa ta da talabijin. Dalilina biyu ne.

Na fari, jarrabawa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar takarda da fensir. Duk mai neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta, ya amsa tambaya 180 cikin awa 2. Yaron da bai taɓa sa hannu a kan na'urar ba, ko da ya san amsa, lokaci yakan ƙare masa wajen neman inda zai danna. Kuɗin rajista da na mota, wanda aka tara da gumin rake da tumatir, ya tafi ke nan, shekara guda kuma ta wuce. Amma in hoton ya fito a talabijin, ɗaya yana dannawa, huɗu suna gani suna koyo, sa'an nan a karɓe shi.

Na biyu, tarbiyya. Kwamfuta ba ta zaɓe, abin da aka sa mata shi take nunawa, ko wa'azi, ko caca, ko hotunan banza. Yaro shi kaɗai a ɗaki da ƙaramar fuska, ba wanda ya san abin da yake kallo. In fuskar ta zama ta kowa, ko uwar da ba ta yi boko ba idonta ya isa ya tsare 'ya'yanta. Ai tun asali kallo a ƙasarmu na taro ne. Tsofaffinmu sun tuna majigi, da farin ƙyalle a filin gari. Haka kuma aka riƙa nuna fim ɗin Yesu na 1979 da Hausa a ƙauyuka, babba da yaro a tabarma ɗaya.

To, yaya ake haɗawa? Ba a bukatar intanet, ba a bukatar data. Waya ce kawai, wadda masu shago suke kira kebul. Ku fara duba ramukan da ke gefen kwamfuta da na bayan talabijin. Iri uku za ku tarar.

Akwai rami siriri mai ɗan faɗi, an rubuta HDMI kusa da shi. In dukansu biyu suna da shi, kun huta, gama waya ɗaya tana ɗauke da hoto da murya. Mai tsawon mita 2 ko 3 ta isa ɗaki.

Akwai kuma VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, tsofaffin kwamfutoci suna da shi. Galibi shuɗi ne, da ƙananan huji 15 a jeri uku. Wannan hoto kaɗai yake kaiwa. Domin murya sai an ƙara wata 'yar waya daga ramin abin saurare na kunne zuwa talabijin ko lasifika. In kwamfuta VGA gare ta, talabijin kuwa HDMI, sai a sayi ɗan akwatin da ke juya wannan zuwa wancan. Ku lura fa, hanya ɗaya yake bi. Ku gaya wa mai shago sarai wane rami ne na kwamfuta, wane ne na talabijin.

Na uku, tsohuwar talabijin mai tudu a baya, mai ramuka uku, rawaya da fari da ja. Ita ma akwai nata akwatin, sai dai rubutu ba ya fita da kyau a kanta. Ta isa kallon fim, amma za ta gajiyar da idon mai karatu.

Duk waɗannan ana samunsu a shagunan kayan lantarki na Sabon Garin Zariya. Kafin ku bar Makarfi ko Hunkuyi, ku ɗauki hoton ramukan da wayar hannu ku nuna wa mai shago, gama gani ya kori ji.

In kun dawo gida, ku kashe na'urorin biyu, ku soka waya a hankali. In ta ƙi shiga, ku juya ta, kada ku tilasta. Ku kunna talabijin, ku danna wurin da aka rubuta Source ko Input a jikin rimot, ku zaɓi sunan ramin da kuka soka, ko HDMI 1 ko HDMI 2. Sa'an nan ku kunna kwamfuta. In hoto bai fito ba, a kwamfuta mai Windows ku riƙe maɓalli mai alamar taga ku danna harafin P, ku zaɓi Duplicate, watau abu ɗaya a fuska biyu. In murya ta maƙale a kwamfuta, ku danna alamar lasifika a ƙasa ta hannun dama, ku zaɓi sunan talabijin.

Gargaɗi biyu. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a cire filogi da wayar eriya. Janareta kuwa wurinsa waje ne, nesa da taga, gama hayaƙinsa yana kisa ba tare da an sani ba.

Saura dokar gida, wannan kuwa aikin maigida da uwargida ne. A yanka lokaci, bayan aiki da addu'ar yamma. A yi layi, 'yan mata su ma su sami nasu rabo. Kada a bar su a madafa maza suna koyo, jarrabawa ɗaya za su zauna. In akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a cikin kwamfutar, a ƙara girman baƙaƙe, sai kaka da idonta ya raunana ta bi karatu tare da jikoki. In 'ya'yan maƙwabta suna shirin jarrabawa, ko Kirista ko Musulmi, a shimfiɗa musu tabarma su ma. Wannan ma shaida ce.

Ku karanta Kubawar Shari'a 6:6-7 a addu'ar gida ta wannan mako. Can Allah ya ɗora koyar da 'ya'ya a wuyan iyaye, a zaman gida na yau da kullum. Bai ba na'ura wannan aiki ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda yaro zai koyi buga baƙaƙe da yatsu goma. Ku aiko da tambayoyinku ta hannun Edita. Alherin Ubangiji ya zauna tare da gidajenku.

Naku cikin Kristi,
Malamin Zaure, Makarfi