SANA'A DA ZAMANI: Ɗaura GPS ga jirgin su

Mutanen Jiratawa sun daɗe da sanin GPS, ko da ba kowa ya riƙe sunanta ba. Ita ce ƙaramar na'urar nan mai kama da salula da ma'aikatan hukumar filaye ta COFO suke riƙewa suna zagaya iyakar gona, kafin a ba mai gona takardarsa. To, na'urar ba ta tsaya ga tudu ba. Masuntan teku na Senegal sun daɗe suna fita da ita cikin jiragensu na katako. Filin wannan wata na masunta ne: na tabkin Madarunfa, da waɗanda suke tafiya cin rani manyan ruwaye. Maganar kuwa ita ce wurin da ya kamata a ɗaura ta cikin jirgi. Mutum yana iya zuba kuɗinsa ya sayi mai kyau, ya ajiye ta inda bai dace ba, ta kasa yi masa komi, ko ta faɗa ruwa tun fitar farko.

Asalinta aikin sojojin Amurka ne. A 1978 suka harba tauraron ɗan'adam na farko, a 1995 aka ce aiki ya kammala da taurari 24. Taurarin suna yawo nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowane yana kewaya duniya sau biyu cikin kwana ɗaya. Ba dare ba rana kowane yana aiko da saƙon radiyo, yana faɗin inda yake da lokacin da ya yi maganar. Ita na'urar saurare take yi. In ta ji taurari huɗu, sai ta lissafa daɗewar da saƙon kowanensu ya yi bisa hanya, ta fitar da inda take. Da can sojojin suna gurɓata saƙon da gangan, kuskure yakan kai mita 100. A watan Mayu na 2000 suka bari. Yanzu a sarari kuskuren bai cika wuce mita 5 zuwa 10 ba.

Ba a biyan kuɗin saƙon, ba a sa mata kati, ba ta bukatar rezon salula. Amma a sani, ba ta kiran kowa. In jirgi ya kife ba za ta gaya wa mutanen gida ba. Kuma saƙon da take ji ba shi da ƙarfi. Yana ratsa gajimare da hazo da ƙyalle da leda, amma ba ya ratsa ƙarfe, ba ya ratsa ruwa. Jikin mutum ma yana tare shi.

WURIN ƊAURAWA

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne ta ga sama. Ba a sa ta ƙarƙashin kwano, ba a jefa ta gindin jirgi cikin jiƙaƙƙiyar raga, ba a rufe ta cikin kwalla don tsoron ruwa. Kanta, inda kunnen saurarenta yake, ya duba sama ba tare da wani abu ya tsaya masa ba.

Bayan haka sai idon matuƙi da hannunsa. Matuƙi a bayan jirgi yake zama. To, a duba katakon da ya gitta jirgin daidai gabansa, a ɗaura ta ga tsakiyarsa, tazarar da hannu zai kai ba tare da ya tashi ba. A ɗan kishingiɗa ta, fuskarta ta dubi fuskarsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwalekwale siriri ne, kuma ba safai ake neman GPS ba sai abu ya ɓaci: iska ta taso, ko dare ya yi, ko hazo ya rufe gaɓa. Mutumin da ya miƙe tsaye a irin wannan lokaci yana laluben jaka, shi zai kifar da jirgin da kansa.

Bakin jirgi ba wurinta ba ne, ko da can ya fi sauƙin ɗaurawa. Ta nan raga take fita ta komo, ta nan igiyar mamari take bi da ƙugiyoyinta, nan filafili yake bugu. Goshin jirgi kuma na mai jefa birgi ne, kuma nan igiyar ruwa take fara duka.

Wasu ana sayar da su tare da mazauninsu na roba. In da shi, kafinta ya yanko guntun katako mai ƙarfi kamar faɗin tafin hannu, a kafa mazaunin bisa shi, shi kuma a kafa shi ga katakon zama. A nemi ƙusa mai zare wadda ba ta tsatsa, gajera. Kada a huda jikin jirgi, balle inda ruwa yake kaiwa, gama ƙaramin rami ke zama babbar yoyo. A shimfiɗa yankin robar cikin tayar babur tsakanin katakan biyu, ta sha girgiza, musamman ga jirgi mai inji. In babu mazauni, robar nan ita kaɗai ta isa ɗauri: a yanka ta siri-siri, a gitta ta sau biyu, a bar kan na'urar da maɓallanta a buɗe.

Ɗauri ɗaya bai isa ba. Da yawansu an rubuta musu IPX7. Ma'anar rubutun ita ce, na'urar tana jure zurfin mita ɗaya na minti 30 ruwa bai shige ta ba. Bai ce tana yin iyo ba. Yawancinsu nutsewa suke yi kamar dutse, kuma abin da ya shige taɓon tabki ya tafi ke nan. Don haka a zura igiya mai ƙarfi ga ramin da ke jikinta, a ɗaure ɗaya bakin ga jirgi. A tsakiyar igiyar a ƙulla kwalbar roba wadda ba komi ciki, a rufe bakinta sosai. In ana so a san ko kwalbar za ta ɗauki nauyin, a gwada da dutse mai nauyin na'urar a bakin gaɓa. Ba da ita kanta ake gwaji ba.

Ɗaurin kuma ya zama mai kwancewa, don ba a barin ta ta kwana cikin jirgi. Akwai ɓarawo, akwai yara, akwai rana. Zafin bazara yana baƙanta gilashinta, yana cinye pil. In ba a dubawa, a yafa mata farin ƙyalle. Za ta ci gaba da jin taurari ta cikinsa.

Akwai jiragen da iska ke turawa. Ƴan kasuwar Maraɗi masu zuwa Kwatano sun san su: bisa tabkin Nokuwe, hanyar garin Ganbiye, masunta suna kafa sanda cikin kwalekwale, su ɗaura mata babban ƙyalle, iska ta kai su gida ba tare da sun gaji da tuƙi ba. Ga irin wannan jirgi, ƙyallen ba ya hana na'urar aiki. Abin tsoro shi ne igiyarsa da sandar da ke riƙe shi, gama in iska ta juya sukan share jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, su kwashe duk abin da suka tarar. A buɗe ƙyallen tun jirgi yana gaɓa, a kai shi dama a kai shi hagu, a ga iyakar inda igiyar take bi, sa'an nan a zaɓi wuri ƙasa da nan. Mai irin wannan jirgi ya fi kowa cin moriyar GPS. Iska tana tura jirgi a kaikaice, goshinsa yana duban wani wuri, shi kuwa yana zamewa wani wuri dabam. Ido ba ya ganin wannan zamiya a tsakiyar ruwa. Na'urar tana ganinta.

In jirgin yana da inji, ko kamfas mai allurar da ke nuna arewa, a bar kamar mita ɗaya tsakaninsu da ita.

Maganar wuta gajera ce. Ƙananan na hannu, irin su eTrex na kamfanin Garmin, pil biyu suke ci, masu lamba AA, kuma sukan kai awa 20 zuwa 25. A riƙe wasu biyu cikin kwalba mai murfi. A canza su da busasshen hannu, a share yashi daga robar murfin kafin a rufe, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. In za a ajiye ta wata da watanni, a cire pil, kada su zubar da ruwansu ciki. Manya kuwa batir mai bolt 12 suke so. A sa batirin cikin yankakkiyar jarka, a ɗaga shi sama da ruwan da ke taruwa gindin jirgi, a sa fis ga jar waya kusa da batirin. Salula ta zamani ita ma tana da GPS, amma yawanci ba ta jure ruwa, cajinta ba ya daɗewa. Wanda ita ce gare shi ya sa ta cikin jakar leda mai rufewa, ya ɗaure ta yadda aka faɗa.

BAYAN AN ƊAURA

Ranar farko a kunna ta a sarari, a yi haƙuri na ƴan mintoci har ta kama taurari. Alamar farko da za a sa mata ita ce wurin da ake ɗaure jirage. Daga nan sai bakin raga biyu, da kututturan da ke ɓoye cikin ruwa, da gurbi mai zurfi inda tarwaɗa ke taruwa in ruwa ya ja. Tana kuma ajiye sawun jirgi tun daga tashi, mutum ya bi shi ya komo kamar mai bin sawun dabba. Abu ɗaya yakan ruɗa sabon shiga: da yawansu ba su san gabas da yamma ba sai jirgi yana tafiya. In an tsaya, kibiyar sai ta yi ta juyi. Ba lalacewa ta yi ba. A tuƙa kaɗan, za ta daidaita.

Kowace alama lambobi ce, kuma a kwafe su cikin littafi, don na'ura tana ɓata, tana mutuwa. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya iya wannan aiki. Misali, birnin Maraɗi yana digiri 13 da minti 30 arewa, digiri 7 da minti 6 gabas. Minti ɗaya daga kudu zuwa arewa mita 1,852 ne. Wanda ya rubuta 31 a maimakon 30 ya kauce kusan kilomita biyu.

Sai babbar tambaya: wa ya kamata ya saya? Tabkin Madarunfa ba teku ba ne. Filin da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2019 hekta 524 ne. Daga tsakiya ana hangen gaɓa, kuma tsofaffin masunta sun san shi kamar tsakar gidansu. Mutum ɗaya ya sayar da tumaki don ya sayi GPS ta wannan ruwa, hasara ce. Gara ya ƙara raga. Amma ƙungiyar masunta ta mallaki guda ɗaya, wannan dabara ce. Tana da rana da asubar hunturu, in hazo ya sauka. Tana kai mutum kusa da ragarsa, ko da yake kuskuren mita 10 ya isa ya sa a kasa rabe ta wane da ta wane. Saboda haka ba a barin sa wa raga gora mai shaida, kuma ba a zargin maƙwabci da sata bisa faɗar na'ura. Aikinta mafi girma a nan shi ne awo. Kowa yana cewa yashi yana cike tabkin, amma magana ba ta kai lamba nauyi ba. In jirgin ƙungiya ya bi bakin ruwa ya kewaye da kaka, ya sake kewayewa da bazara, na'urar za ta ba da faɗin ruwan. Shekara uku ko huɗu ana rubutawa, an sami abin ɗauka a kai wa magajin gari da ma'aikatan gandun daji.

Masu tafiya tabkin Cadi su maganarsu dabam ce, gama can rai ake tsaro. A 1963 faɗin tabkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, har garin Gigimi, wanda dā yake bakin ruwa, ya wayi gari nesa da shi. Daga baya ruwa ya komo wani sashe, yana gaba yana baya kowace shekara. Taswirar da ke cikin na'ura an zana ta wata shekara ce da ta wuce. Tana iya nuna ruwa inda ake noman masara, ta nuna tudu inda jirgi ke wucewa. Ga kuma tarin ciyayi masu yawo bisa ruwa, da kan toshe hanyar da aka bi jiya. Na'urar ta san inda jirgi yake, amma ba ta san abin da ke gabansa ba. A dogara ga sawun da aka yi bana, a yi hattara da na bara, sandar gwada zurfi kuma ta zauna kusa da hannu.

Ƙasa huɗu suka haɗa iyaka bisa wannan ruwa: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. A watan Fabrairu na 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa saboda Boko Haram, a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai, kuma sai a 2019 aka ɗage hanin kamun kifi. A irin wannan wuri, baƙo riƙe da GPS yana iya jawo wa kansa tuhuma. Kafin a shiga ruwa a fara zuwa wurin hukuma da sarkin ruwa, a tambayi inda aka yarda a shiga, a nuna na'urar da hannun kai. Takardar sayenta da takardar izinin su su zauna tare da katin ɗan ƙasa, cikin leda, a aljihun gaba.