DAGA AKWATIN KASET: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A gidaje da dama na Kano da Kaduna da Jos, har da Sabon Hausawan Ibadan da Agege ta Ikko, akwai wani akwati da aka tura ƙarƙashin gado ko bayan kabad, cike da kaset-kaset na bidiyo da faya-fayen CD. Maigida ne ya tara su tun yana saurayi. Waɗansu ya saya a kasuwa, waɗansu kuwa da hannunsa ya naɗe su daga telebijin. Filin nan na wannan mako zai buɗe irin wannan akwati, ya auna abubuwa biyu da ake yawan samu a ciki, da kuma guda ɗaya wanda ba kasafai ake samunsa ba.

Na farko shi ne wasan Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekara da shekaru yana yi a gidan rediyo da telebijin na Kaduna. Mutumin nan ya yi aikin soja na gaske, saboda haka ba kwaikwayon jita-jita yake yi ba. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma da aka ƙare yaƙi sun kai wajen 250,000. Bariki bai ɗauke su ba, da yawa suka kama haya a cikin gari, aka yi ta samun saɓani tsakaninsu da farar hula. Samanja ya ɗauki wannan abin tsoro ya mayar da shi abin dariya. Ga tsawa, ga muzurai, ga Hausar bariki wadda ba ta san namiji ba ta san mace ba, amma a ƙarshe mai kallo zai gane cewa sojan nan shi ma magidanci ne mai fama da cefane da rigimar iyali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: hoton ya dushe, murya takan yi ƙasa ta yi sama, kuma wanda ya kalli kashi biyar a jere zai ga zubin labarin yana maimaituwa. Duk da haka dariyarsa ba ta tsufa ba.

Na biyu shi ne Sangaya na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Shekara tara ke nan bayan Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano. Labarin mai sauƙi ne, watau ɗan sarki ya so yarinyar da ke hidima a gidan sarauta. Abin da ya sayar da shi waƙa ce da rawa, bisa tafarkin fina-finan Indiya waɗanda gidajen siliman na Arewa suka daɗe suna nunawa. Wanda ya sake kallonsa yau zai yaba kayan sarauta da zaƙin murya, amma zai lura cewa da an cire waƙoƙin, abin da ya rage na labari bai taka kara ya karya ba. Darajarsa ita ce shi ne shaidar lokacin da harkar ta juya, har masu shirya fim suka ɗauka cewa fim ba ya ciniki sai da rawa.

Na uku, wanda babu shi a yawancin akwatuna, shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934. Labari ne na zamanin cinikin bayi. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilmi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai a Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Fim ɗin ya haura sa'a biyu, kuma tafiyarsa ta raƙumi ce, ba ta doki ba. Mai gaggawa zai ƙosa. Amma mai haƙuri zai ga abin da ya yi wuya a fina-finan baya-bayan nan: Hausa mai nauyi, zaman almajirai gaban malami yadda yake, da baƙin cikin uwa wanda ba ya bukatar kiɗa kafin ya ratsa zuciya. A cikin ukun nan shi ne gaba, da rata mai yawa.

To, me ya hana shi shiga akwatunan jama'a? Ɓacewa ya yi. Shekaru da yawa ana jin sunansa ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Idan fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Minista zai iya ɓata haka, ina ga wasan telebijin na mako-mako? A wancan zamani tef yana da tsada, gidajen telebijin na ƙasashe da yawa sukan share tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. Saboda haka mai yiwuwa ne wani kashi na Samanja, ko na Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, ba shi da sauran kwafi a duniya sai wanda ke ƙarƙashin gadon wani dattijo.

Kaset kuwa ba ya jiran kowa. Zafi da laima suna cin zarensa, fumfuna ta hau shi, hoto ya riƙa zubewa. Na'urar kunna shi ma ta zama abin nema, gama kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera ta, ya daina a 2016. Su ma masu wasan suna ta tafiya: Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Shawara ga mai irin wannan akwati ita ce ya fito da shi daga wuri mai laima, ya jera kaset ɗin a tsaye a inuwa, ya rubuta suna da shekara a jikin kowanne, sa'an nan ya nemi mai juya su zuwa kwamfuta tun ana iya kallonsu. In ya ga abin da ba a samu a kasuwa, ya tuna akwai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos, akwai kuma jami'o'i masu sashen Hausa. Magada sukan raba gida da gona, amma akwatin kaset bola yake tafiya.