Ba a Kashe Bindigarku ba, an Dai Dakushe ta

Duk sanda Garena ta saki sabuntawar Free Fire, sai kuka ya tashi a fadojin Diffa: wai an kashe M1887, wai an lalata MP40. Ni kuwa ina goyon bayan rage wa bindigar da ta fi ƙarfin sauran, kuma mu da ke wasa da ƙananan wayoyi a bakin Komadugu mu ne ya kamata mu fi kowa murna.

Mu fara da kalmar, tunda harshe nake karanta. Ƴan wasa na cewa "nerf", sunan wasu bindigogin yara ne masu harsashin soso. Mu kuma muka ce "kashewa". Ai ba ɗaya ba ne! Wuƙar da aka dakushe tana nan tana yanka, sai dai mai ita ya ƙara iyawa. Da muna cewa "an dakushe ta", da rabin rigimar nan ba ta taso ba.

Mutum 50 ake saukewa a tsibiri, cikin minti kamar goma a fitar da gwani. In bindiga guda ce ke kayar da kowa da harbi biyu, wasan ya koma tseren wa zai fara tsintar ta. Wa ke cin wannan tseren? Mai babbar waya da rezo mai kyau. Kai da hotonka ke tsayawa cak in iska ta taso, kafin allonka ya nuna maka abokin gaba har an kwantar da kai. Kowane harsashi da aka ƙara kafin mutum ya faɗi, lokaci ne aka ba mai raunin rezo ya ɓuya.

Wasu na kawo misalin Helldivers 2, wasan yaƙin duniyoyin sama. A Agustan 2024 kamfanin Arrowhead ya rage ƙarfin makamin feshin wuta, ƴan wasa suka yi caa, kamfanin ya fito da shirin gyara na kwana 60, ya mayar da ƙarfin makamai da yawa. Gaskiya ne. Amma can kowa ɓangare ɗaya yake, kwamfuta ake yaƙa. A Free Fire ƙarfin bindigarka mutuwata ce.

Abin da ke ba ni haushi, ainihin rashin adalcin ba a maganarsa. Rigunan bindiga da ake saye da lu'ulu'un wasa ba ado kawai ba ne: wasu na ƙara lahani, wasu saurin harbi. Wato kuɗi na sayen ƙarfi. Yaron da ya sha rana a gonar tattasai ya zuba ladarsa a kan riga, gobe kamfani ya taɓa lissafi, ya wayi gari da kayan da ba nasa ba ne tun asali. Haya ya yi, bai sani ba. Kukansa na gane shi, amma ya yi wa ciniki kuka, ba daidaitawa ba.

Da aka yi kokawar takobi a nan Diffa ƙarshen 2022, wa ya shiga fili da kulki don ya fi kowa kuɗi? Ko Issaka Issaka hannu biyu ya shiga da su.

A EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya, tun 2008 ƴan wasa ke zaɓen majalisar da ke zama da kamfanin wasan kan irin waɗannan sauye-sauye. Mu ko bayanin sabuntawar ba ya zuwa da Hausa, balle Barebari. Sai jita-jitar TikTok. To wanda ke jin Faransanci ya karanta wa fada, a ji abin da aka rage da abin da aka ƙara kafin a fara zagi. In kuma mun shirya gasa tsakanin unguwanni, mai buɗe ɗaki ya kashe ƙarin ƙarfin riguna. Maɓallin yana nan cikin saitin.