Kurmin Kan Dutse Da Ruwan Da Muke Sha



Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Jalingo zuwa Gembu ya san abin da za mu faɗa. Ka tashi da safe kana gumi, ka wuce Bali, ka iso Serti rigarka ta jiƙe. Sa'an nan daga Mayo Selbe hanya ta soma hawa tana nannaɗewa, direba ya daina hira, mata su kama addu'a. Kafin a kai Maisamari kowa yana lalube cikin jaka yana neman rigar sanyi. Yini ɗaya ne, jiha ɗaya ce, amma sai ka ce ƙasashe uku ka ratsa. Mun yi wannan tafiya sau da yawa domin taro, kuma mun lura cewa yawancinmu rigar sanyin kaɗai muke tunawa. Ba mu duban itatuwan da suka canja a gefen hanya, balle mu tambayi abin da ya sa.

Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Tudun Mambila yana wajen mita 1,600 bisa teku, Chappal Waddi kuma, wanda wasu ke kira Gangirwal, ya kai mita 2,419, babu dutsen da ya fi shi tsawo a Nijeriya. Iska mai ɗauke da laima idan ta bugi waɗannan tsaunuka sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. Shi ya sa damina a can sama take daɗewa, hazo kuma yakan kwanta a kwari har hantsi. Kowane hawa yana da zafinsa da ruwansa, saboda haka yana da itatuwansa da namominsa.

A ƙasa, wajen Gumti da filayen da ke kewaye da Serti, daji ne irin wanda muka sani tun muna yara: kaɗanya, ɗorawa, maje, doka, kawo, maɗaci, madobiya, da gamba mai rufe mutum a tsaye. Waɗannan itatuwa suna da ɓawo mai kauri, sun saba da wuta, suna zubar da ganye da rani su sake tohowa. Nan ne gidan ɓauna da gwanki da kanki da maraya da gwambaza da mugun dawa, dorina kuma tana cikin gulbi. Tsofaffi suna ba da labarin zaki da kyarkeci a wannan daji, amma yau da wuya ka sami wanda ya ji kukansu. Wannan yanki yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar nan.

Idan aka ɗan hau, a gindin duwatsu da bakin koguna, sai kurmi ya rufe, rana ba ta kai ƙasa sosai. Nan za ka ji birai iri iri, da gwaggon biri, da wani baƙin biri mai farin gashi kamar ya yafa mayafi, da jan aladen kurmi, da damisa wadda ba a cika gani ba. Nan ne kuma biri mai ganga yake, wanda aka ba shi wannan suna domin yakan doki gindin itace da hannu da ƙafa har a ji daga nesa. Irin wanda ke wannan yanki ba a samunsa ko'ina a duniya sai Nijeriya da Kamaru.

Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne hawa na sama. Wanda ya fara zuwa Mambila yakan ce ciyawa ce kawai, tuddai masu santsi kore shar, da shanu kamar an watsa farin dutse. Sai ya duba da kyau zai ga cewa a kowane kwari, inda rafi yake fitowa, akwai ɗan baƙin kurmi a maƙale kamar gashin hammata. Shiga cikinsa ka ga abin mamaki. Gansakuka ta lulluɓe rassa, wasu tsire-tsire suna zaune a kan itace ba su taɓa ƙasa ba, ƙasa kuma tana da taushi kamar soso, ka taka ruwa ya fito. Itatuwan nan ba su san wuta ba, ɓawonsu siriri ne, ba su zubar da ganye gaba ɗaya. Ka ɗauki irinsu ka shuka a Jalingo ba za su yi ba, kamar yadda kaɗanya ba ta yin kirki a kan tudun Nguroje. A can ƙololuwa kuma, cikin gajeriyar ciyawa da duwatsu, akwai kwantarafin dutse da gadar dutse da rema, waɗanda in ciyawarsu ta ƙare ba su da wani sama da za su ƙara hawa.

Mafi shahara cikin waɗannan kurame shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin mita 1,400 da 1,600. An keɓe shi a 1969. Filin da aka keɓe murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Tun farkon shekarun 2000 Dokta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan ta kafa aikin bincike a wurin, 'ya'yanmu na ƙauyukan kewaye da ɗaliban jami'o'inmu suna aiki tare da ita, suna ƙidayar itatuwa, suna renon dashe. Mutum ya taso daga ƙarshen duniya domin ɗan kurmin da mu muke wucewa ba mu ko waiwaya. Wannan ya isa ya sa mu yi shiru mu yi tunani.

To, mene ne ruwanmu? Ruwanmu shi ne ruwa. Kogin Donga daga tudun Mambila yake tasowa, kogin Taraba kuma daga tsaunukan Gashaka, dukansu suna zuba cikin Binuwai. Kurmin kwari yana shanye ruwan damina, ya riƙe shi cikin saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har rani ya wuce. In an share kurmin, ruwan sama yakan gangara rana ɗaya, ja wur da ƙasa, ya ci gonar na ƙasa, sa'an nan watan Fabrairu rafi ya ƙafe. Mai noman shinkafa a fadamar Donga da masunci a Binuwai ba su taɓa ganin Ngel Nyaki ba, duk da haka tulunsu yana can. Matanmu sun riga mu sanin wannan, gama su ne suke ƙara nisan tafiya da bokiti kowace shekara. A wata ekklesiya da muka ziyarta, wata uwa ta nuna mana idon ruwan da ta ɗiba tun tana amarya. Yanzu busasshen rami ne, itatuwan turare sun kewaye shi a jere kamar sojoji. Ta ce, "Baba Pasto, mu ne muka dasa su, da hannunmu."

Mun san abin da za a fara cewa: shanu ne. Gaskiya ne, da sauƙin faɗa kuma. Sanyin tudun ya hana tsando zama, babu sammore, saboda haka tun wajen shekarun 1940 makiyaya suka riƙa hawowa da garkuna masu yawa. Shanu sun tattake bakin rafuffuka, sun cinye ciyawa mai daɗi har wata mai tauri ta maye wurinta, wutar da ake sawa domin sabon toho kuma tana lasar gefen kurmi kowace shekara, taku ɗaya, taku biyu. Ba mu musun wannan. Ba mu kuma manta jinin da aka zubar a kan tudun nan a 2017 saboda rigimar ƙasa ba, Allah kada ya maimaita mana. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa yake sare kurmin kwari domin ƙasarsa baƙa ce tana ba da masara da gwaza? Wa yake sa wuta domin ya kama gafiya? Wa ya cika bakin rafi da itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti? Da yawansu muna zaune da su benci ɗaya ranar Lahadi, wani lokaci ma gonar ekklesiya ce.

Kada a ji mu ba daidai ba game da turare. Baƙon itace ne daga Ostareliya, kuma ya yi wa mutanen tudu amfani ƙwarai: itacen girki, katakon rufi, kuɗin makaranta. Majami'u nawa aka rufe da shi? In da babu shi da an gama da kurmi tuntuni. Sai dai yana girma da sauri, yana shan ruwa da yawa, ganyensa kuma ba ya barin wani abu ya tsiro sosai a ƙarƙashinsa. A kan gangaren tudu abokin arziki ne. A kan idon ruwa kuwa ɓarawo ne da muka shigo da shi ɗaki da kanmu.

Abin da ya faru da madobiya a hawa na ƙasa ya kamata ya zama mana gargaɗi. A shekarun 2010 'yan kasuwa suka shigo Taraba suna sayen ta, aka sa mata suna madrid, ana loda manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, daga can sai ƙasar Sin inda ake yin kujeru masu tsada. Samari suka bar gona da makaranta suka ɗauki injin yanka. Kuɗi ya shigo, an sayi babura, an yi aure, wani kaso ma ya shiga kwanon baiko, mu kuwa muka karɓa muka yi godiya ba mu tambaya ba. A 2016 aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta CITES take sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. Kafin nan tuddai da yawa sun zama kututture. Madobiya ita ce take ba dabbobi ɗanyen ganye a tsakiyar rani, furenta rawaya kuma abincin zuma ne. Baburan sun lalace tuni. Itacen da aka yanke cikin minti goma kuwa sai jikokinmu ne za su ga irinsa, in an bar shi ya tsiro.

Akwai wata magana da za ta yi wa wasu dattawa ɗaci, domin cikinmu akwai maharba na gado, kuma ba mu raina sana'ar iyaye ba. Manyan itatuwan kurmi da yawa 'ya'yansu suna da ƙwallo babba wanda iska ba ta ɗauka. Birai da manyan tsuntsaye irin su cilakowa ne suke ci su kai ƙwallon nesa su yar, a can ya tsiro. Masu binciken Ngel Nyaki sun daɗe suna bin sawun wannan. Wato biri mai ganga da 'yan'uwansa su ne manoman kurmi. Mai ganga kuma takan yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa, ba kamar gafiya ba. Kashe uwa ɗaya domin romon biki asara ce wadda shekara goma ba ta mayarwa. Doka ta hana, amma mun sani ma'aikacin gandun daji ba ya shiga ɗakin girkinmu. Matan zumunta ne suke shiga.

Za a ce mana talaka ba ya cin kurmi, kuma wanda ke karɓar albashi ƙarshen wata yana da bakin yin wa'azi a kan birai. Mun karɓi wannan zargi, akwai gaskiya a ciki. Mutum mai 'ya'ya takwas da gona guda wadda ta gaji ba mugunta ce take kai shi kwari da gatari ba. Amma kakannin Mambila sun noma waɗannan gangare ɗaruruwan shekaru, kuma suna da dabara: in gona ta gaji sai su shuka majimfa a ciki su bar ta ta huta, ganyen ya mayar wa ƙasa ƙarfinta. Yau mun bar wannan muna jiran buhun taki wanda kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Akwai kuma kiwon zuma a gefen kurmi, da piya, da ayaba, da kofi, abubuwan da sanyin tudu yake so kuma ba su bukatar a share kwari. Aikin fari da aka danƙa wa ɗan adam aikin lambu ne, nome da tsaro tare, mu kuwa rabin farko kaɗai muka riƙe.

Saboda haka ga roƙonmu ga majalisun dattawa, musamman na ekklesiyoyin Sardauna da Gashaka da Kurmi da Bali. Kowace majalisa ta zaga filin ekklesiya da ƙafa, ta ga ko akwai idon ruwa ko rafi a ciki. In akwai turare a bakinsa a sare, katakon ya shiga aikin gini, a maye gurbinsa da malmo da sauran itatuwan wurin, waɗanda tsofaffi sun san sunayensu da harshen gida. Kwamitin gini ya riƙa tambayar inda katako ya fito kafin ya biya. Matasa su share hanyar tare wuta kewaye da kurmin ƙauye kafin ciyawa ta bushe, ba sai hunturu ya kankama ba. Wannan aiki kuma ba zai yi ba sai an je an gai da arɗo an zauna da shi, gama rafin da saniyarsa take sha shi ne wanda matanmu suke ɗiba, kuma wuta ɗaya daga kowane gefe ta isa ta ɓata aikin shekara.

Lokacin share hanyar wuta watan Nuwamba ne, da zarar ruwa ya ɗauke. Irin malmo kuwa ba ya ajiyuwa, sai a tsince shi ɗanye a shuka nan da nan cikin leda, a ajiye a inuwa a bayan majami'a, yaran makarantar Lahadi su riƙa ba shi ruwa har damina ta sauka.