'Yan kasuwar Kilomita Biyar: Mu ɗan dakata kafin mu shafe bango da siminti

Jama'a, akwai wani aiki da masana ke yi a tsofaffin majami'un Kiristocin Otodoks wanda ya kamata mu 'yan kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui, da 'yan'uwanmu na Garwa-Bulai da sauran kasuwannin kan iyaka, mu tsaya mu dube shi da idon basira.

Sukan ɓanɓaro ɗan ɓallin fenti daga bango, wanda bai kai ƙwayar gero ba, su daskarar da shi cikin danƙo, su yanka, sannan su duba da madubin ƙara girma. Nan take za a ga shafe bisa shafe: yaɓen farko, farar ƙasa, launi, har da baƙin hayaƙin fitila. Na'ura kuma ta faɗi abin da aka haɗa launin da shi. Ja daga jar ƙasa, baƙi daga gawayi, a wasu majami'un kuwa shuɗin daga wani dutse ne mai tsada da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan. To, wa ya kai wannan dutse har can? Fatake ne irinmu. Ashe bango ma yana riƙe da lissafin ciniki.

Mu ɗauki misalin Faras, wani gari a iyakar Sudan da Masar. Daga 1961 zuwa 1964, masana daga Poland ƙarƙashin Farfesa Kazimierz Michalowski suka tono wata babbar majami'a da yashi ya binne, suka ciro zane-zanen bangonta kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye wurin. Aka raba su tsakanin gidajen tarihi na Khartoum da Warsaw. A yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 an wawashe gidan tarihin Khartoum, amma hotuna da bayanan da aka rubuta suna nan.

Wani zai ce ina ruwanmu da zanen coci? Babu wanda ya ce mu zana mutum a masallaci. Dabarar adanawa muke magana a kai, domin mu ma mun san zafin rashi. A watan Maris na 2015, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce an rusa masallatai 417 cikin 436 da ke Afirka ta Tsakiya. Nawa ne daga cikinsu muke da ko hoton alƙiblarsu? Babban masallacinmu na Kilomita Biyar, wanda Paparoma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015, Allah ne kawai Ya tsare mana shi.

Abin takaici, wanda rikici ya bari, mu da kanmu muke ƙarasa shi da kyakkyawar niyya. Da Alhaji ya sami riba sai ya ce a kankare tsohon yaɓe, a shafa siminti, a manna tayil. Alhali iyayenmu sun gaji sana'ar gini daga magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Sun san makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, sun san laso da ake haɗawa da katsin marina. Yau samarinmu nawa suka taɓa jin waɗannan sunaye?

Shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai ba ta cin kuɗi. Kafin a taɓa tsohon bango, a ɗauki hotonsa ta kowace fuska. A ɓanɓari ɗan yaɓen a ƙulle a takarda, a rubuta sunan wurin da ranar. A zauna da dattawan unguwa su faɗi wanda ya gina da shekarar da aka gina. Sannan a aika kwafe ga 'yan'uwa a Ngaundere ko Kano, kada a tara komai wuri guda.

Duk ranar da wani ya sake ce mana baƙi a garin da aka binne kakanninmu, wannan ƙullin yaɓen zai tsaya mana shaida. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.