Wai Har Amfilifayar Ma Sai An Kai Wa 'Yan Gwangwan?

Jama'a, makon jiya a Zango na ga abin da ya ƙona mani rai. Tsohuwar amfilifaya mai ƙwai, irin wadda ake jona wa lasifika a gidan biki, ga ta kan sikelin ɗan gwangwan ana auna ta kamar ruɓaɓɓen kwano. Wai ta mutu, in ji mai ita.

Wace irin mutuwa? Galibi kafasito ne ke bushewa don tsufa, sai ta riƙa gunji. A canza shi, a duba ƙwan da ya raunana, ta tashi garau. Amma fa sai gwani, don ko an zare ta daga soket tana riƙe wutar da ke kisa.

Wani zai ce ai tun 1947 aka ƙirƙiro taransisto. To, ya Fender da Marshall har yau suke ƙera mai ƙwai, masu jita na rububi saboda zaƙin muryarta? Mu kuwa tagullar cikinta kawai muka hango. Haba! Matasa duk sun koma gyaran waya, dattijon da ya iya aikin nan ko yaro ɗaya ba shi da shi a shago.